Telan da Ake Kira Sau-Ɗaya

Matso nan kusa, ja kujerar can ka zauna, ka kife wayar nan tukuna. Yau ba labarin manya zan ba ka ba. Labarin wani tela ne a ƙarshen layinmu, irin mutumin da kake wucewa ta ƙofar shagonsa kullum ba ka ko waiwaya ba. Tun yanzu in gaya maka, ba labari ne mai daɗi ba. Akwai 'yar dariya a ciki dai, domin mutanen cikinsa ba su san abin baƙin ciki suke yi ba, rayuwarsu kawai suke yi.

Shagon ɗan tsukuku ne. Teburin yanka ya cinye rabinsa, wani faffaɗan katako da ya yi baƙi ya yi santsi saboda daɗewa. Sauran rabin kuma keken ɗinki ne, da buhun ƙyallaye, da madubi mai tsaga wanda ke raba fuskar mai gwada riga gida biyu. A ƙofa akwai benci. Jikin shagon kuma wurin wanki da guga ne, na wani gajeren mutum mai baki kamar reza, kowa na ce masa Mai Guga. Shi da telan nan sun tsufa tare suna tsokanar juna ta cikin siririn bangon da ya raba su.

Telan kuwa Sau-Ɗaya ake kiran sa. Sunansa na gaskiya ya ɓace tuntuni, ko matarsa Baban yara take ce masa. Wani malaminsu na firamare ne ya jawo sunan, wani dogo mai yawan tari. Wata rana malamin ya rubuta lissafi a allo, kafin ya gama juyowa yaron ya ba da amsa. Malam ya ajiye alli, ya dubi ajin ya ce, "Kun gani ko? Wannan sau ɗaya ake faɗa masa. Ku kuwa sai an yi ta tura muku kamar ana cusa auduga a matashi." Kafin a tashi makaranta suna ya kama shi.

A gida ma abin ya zama wasan nishaɗi. Babansa direban motar haya ne, in ya yi baƙi sai ya ƙwala masa kira ya ce, "Ku faɗa masa lambar mota kowace iri, sau ɗaya tak, ku ji." A faɗa, yaro ya mayar, a yi tafi. Uwarsa ta riƙa cewa, "Kai ne Allah ya ba shi, ba yinsa ba ne." Babu wanda ya yi nufin sharri. So ne kawai, da alfahari irin na iyaye.

To amma wata rana wani yayansa ya tarar da shi a bayan ɗaki yana bin shafi guda da yatsa, yana komawa farko. Yayan ya fashe da dariya ya ce, "Au, ashe kai ma maimaitawa kake yi? Bari in je in faɗa!" Wasa yake yi, bai ma faɗa wa kowa ba. Amma daga ranar nan yaron ya riƙa ɓoyewa in zai yi bita, kamar mai sata. Da ɓuyan ya yi masa wuya, sai ya daina bitar gaba ɗaya. Kuma abin takaici, bai faɗi ba. Haka ya ratsa sakandare hannunsa cikin aljihu, yana kallon masu haddar littafi da tausayi.

Daga nan ya samu shiga kwalejin koyon zanen gine-gine. Ranar tafiyarsa har bakin tasha maƙwabta suka raka shi. A can ma sunan ya riga shi isa, domin akwai 'yan makarantarsu da suka tafi tare. Watannin farko lafiya lau. Sai aka zo wani darasi a kan yadda ake lissafa nauyin da ginshiƙi zai iya ɗauka kafin ya karye. Malamin ya cika allo da alamomi, ya share, ya sake cikawa. Sau-Ɗaya yana zaune a gaba, yana jiran abin nan da ya saba ji, wato lokacin da magana ke faɗawa cikin kansa ta zauna daram. Shiru. Babu abin da ya faɗa cikin kan nan.

Malam ya karkaɗe hannu ya ce, "Akwai mai tambaya?"

Wani daga baya ya ce, "Malam ci gaba kawai, Sau-Ɗaya ya gane, zai yi mana bayani anjima."

Aka yi dariya, aka juyo ana kallon sa. Ya gyaɗa kai. Ka ga wannan gyaɗa kan? Shi ne ya mayar da shi tela.

Bayan an tashi abokai suka biyo shi da littattafansu, ya ce kansa na ciwo. Washegari aka ɗora sabon darasi a kan na jiya, jibi aka ɗora wani a kan wancan. Yana gani da idonsa yadda waɗanda yake yi wa kallon marasa kai ke taruwa a gindin bishiya suna gardama, suna kuskure, suna bin malam har ofis. Shi ba zai iya ba. Wa zai tambaya, da wane suna? Sai ya yanke wa kansa hukunci shi kaɗai. Ya ce kai kamar kwano ne, kowa da girman wanda aka ba shi. Nasa ya fi na mutane saurin ɗauka, amma ga shi ya cika, ya zo iyakarsa. Ko sau ɗaya bai zauna ya buɗe shafin nan ya sake karantawa ba, domin a wurinsa sake karantawa shi ne shaidar cewa kan ya ƙare.

Da aka yi hutu ya dawo gida, ya tarar babansa na kwance ba lafiya. Hutu ya ƙare, bai koma ba. Mutane suka ce, "Allah sarki, yaron kirki, ya bar karatu don ya yi jinyar ubansa." Bai ce haka ne ba, bai ce ba haka ba ne. Ya bar maganar ta zauna, har ta zama gaskiyar da kowa ya sani. Yadda aka yi ni na san ta ciki kuwa, ka yi haƙuri, zan zo wurin.

Wani kawunsa tela ne ya ɗauke shi koyon ɗinki. Kuma wallahi ba a taɓa ganin hannu mai nauyi irin nasa ba. In ya yi layi sai ya fito kamar sawun maciji. Ya karya allurai, ya ɗinke aljihu ta baki, ya taɓa haɗa hannun riga a juye har kawun ya zauna ƙasa don dariya. Kawun ya miƙa masa reza ya ce, "Farke, sake." Ya farke, ya sake. Gobe ma haka. Ko kaɗan bai ji kunya ba, domin ba wanda ya taɓa tara baƙi ya yabi hannunsa. Ba shi da sunan da zai kare a nan. A hankali hannun ya faɗa, har ya zama telan da ake tsallake shaguna da yawa a zo wurinsa saboda wuyan riga. Wuyan rigarsa na kwanciya a jikin mutum kamar da shi aka haife shi. Sirrin kuwa bai wuce reza ba: in bai yi masa ba, zai farke ko da mai rigar na tsaye a kansa.

Mai Guga kan leƙo ya ce, "Kai jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Sau-Ɗaya na farke ɗinki karo na babu adadi. Wanda ya sa maka sunan nan ya cuci gari."

Shi kuma ya ce, "Koma ka ƙona wandon mutane, gajere."

Kullum sai an yi wannan, kullum sai an yi dariya, kuma cikin su biyun babu wanda ya taɓa tsayawa ya saurari abin da wasan ke faɗa.

Ya yi aure, aka haifi yara. Babbarsu mace ce, layin na ce mata 'Yar Tela, shi kuma Mamana yake ce mata, kuma duk cikin yaran ita ce ta shiga ransa. Ranar da ta fara dawowa daga makaranta ya ɗora ta a cinya ya faɗa mata lambobi sau ɗaya, ya ce ta mayar. Ta zuba masa ido. Ya sake faɗa, ta kawo rabi. Ya yi murmushi ya shafa kanta, ya sauke ta. Ita ba ta san an yi komai ba. Shi kuwa a ransa an gama shari'a.

Yarinyar ba ta da sauri, wannan gaskiya ne. Amma tana da wani abu da ya fi ƙarfin bayani. In an taso makaranta shago take wucewa, ta jira babanta ya gama yanka, ta kwashe ƙyallaye, ta ɗauki guntun allin da yake zana yadi da shi, ta mayar da teburin nan allonta. Ta rubuta lissafi tun daga wannan gefe har wancan. In bai fito ba ta jiƙa tsumma ta goge, ta jira katako ya bushe, ta faro daga farko. Harshenta a ɗan waje, goshinta a tattare, gwiwar hannunta fari fat da alli. Ta fara daga can ƙarshen aji. Shekara ta zagayo ta matso. Wata shekarar ta zagayo ta shigo tsakiya. Kafin ta kai ajin ƙarshe na sakandare ana ƙirga ta cikin na gaba-gaba, har wata ƙawarta, 'yar mai kantin bakin titi, kan biyo ta shagon ta koya mata a kan teburin.

Uwarta ta ce, "Baban yara, ka ga sakamakon 'yarka kuwa? Ko sannu ba ka ce mata ba."

Ya ce, "Na gani. Naci ne."

"To nacin laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. Amma ba kai ba ne. Tausayi take ba ni, tana wahalar da ranta."

Kuma da gaske tausayin yake ji. Duk lokacin da ya ga tsumman nan ya bi ta kan teburi sai ya kau da kai. Yakan sayo mata alawa ya ajiye a gefen allin.

Burinta guda ne, kowa a layin ya sani: makarantar koyon aikin jinya. Tun ranar da aka kwantar da ƙaninta a asibiti ta ga wata ma'aikaciya ta samo jijiya a hannun yaron bayan kowa ya kasa, ba ta sake maganar wani aiki ba. Aka yi jarrabawar fita, sakamako ya fito. Ta ci komai, ban da lissafi. Shi ma ɗan ƙiris ya rage. Makarantar jinya kuwa ba ta ɗaukar wanda bai ci lissafi ba. Hanya ɗaya ce: ta yi rajista ta sake zama, kuma za a rufe rajistar a ƙarshen wata.

Kada ka ce ko rashin hali ne. A'a, shago na tafiya, ba abin da ya gagara. A satin nan ma Sau-Ɗaya ya fita da safe ya dawo da sabon keken ɗinki a bayan mota. Ya janye buhun ƙyallaye, ya share lungun da ke kusa da taga inda haske ya fi kyau, ya kafa shi a nan. Ya shafa masa mai da kansa, ya zura zare, ya gwada a ƙyalle. Fuskarsa cike da farin ciki irin na uban da ya yi wa 'yarsa gata.

Uwar ta tsaya a ƙofa ta riƙe ƙugu. "Baban yara, mene ne wannan? Yarinya na maganar jarrabawa kana kawo mata keke? Ka bar ta ta sake mana, ai ba a kanka za ta zauna ta rubuta ba."

Ya ce, "Ke ba ki san boko ba. Ni na san shi."

Nan ta sakar masa maganar, domin ita ba ta yi nisa a makaranta ba, shi kuwa ai Sau-Ɗaya ne.

Da la'asar ranar nan 'Yar Tela ta same shi shi kaɗai a shago. Yana zaune da wata farar riga a cinya, yana bin wuyanta da reza. Ta tsaya jikin teburi, inda lissafinta na jiya ke nan ba a goge ba.

"Baba, na gode da keke."

"Ya yi miki? Ki taka ki ji, kamar ruwa."

"Ya yi. Amma Baba, malamarmu ta ce kaɗan ya rage min. Ta ce in na sake zan ci."

"Kullum kaɗan ne ke ragewa, Mamana. Haka za su yi ta gaya miki."

Ta murza allin a tafin hannunta. Can ta ce, "Baba, wuyan rigar nan tun safe kake farke shi kana mayarwa."

Ya yi 'yar dariya. "Mai Guga ya aiko ki ke nan. Wannan ai hannu ne. Hannu in kika matsa masa zai koya, ko na waye. Kai kuwa ba a koya masa. Yadda aka zo da shi haka ake komawa da shi."

"To kai Baba, da kake da kan, me ya hana ka ƙarasa?"

Rezar ta tsaya. Ta cikin bango ana jin dutsen guga na huci a kan jiƙaƙƙen yadi. Yarinyar ba da rashin kunya ta tambaya ba, so take ta sani. Kuma amsar na nan a bakinsa, gajeriya ce: ban gane wani darasi ba, na ji kunyar tambaya, na gudu. Da ya faɗe ta, da yau wani labarin nake ba ka.

Ya ce, "Ciwon kakanki ne. Ai kin sani."

"Na sani, Baba."

Ya ajiye rigar ya dube ta, muryarsa a sanyaye. "Ki saurare ni, Mamana. Ni ban hana ki ba. In kin ce rajista, gobe da safe ni zan raka ki da ƙafata. Amma ni na san kai in na gan shi, don na zauna da shi. Ba na so ƙuruciyarki ta ƙare kina buga ƙofar da ba taki ba. Ke hannu gare ki. Allah ya ba ki haƙuri, ga natsuwa. Ki kama abin da yake naki."

Da ya daka mata tsawa, da ya ce bai yarda ba, ina jin da ta bi ta bayan gida ta yi rajistar nan, uwarta ma da ta rufa mata asiri. Yarinyar da ta taso daga ƙarshen aji ba tsawa ce za ta tsayar da ita ba. Amma bai yi tsawa ba. Ya buɗe mata ƙofa, sannan ya gaya mata cikin so cewa ba za ta iya wucewa ba. Kuma wa ya fi babanta sanin kai a duk faɗin layin nan?

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki tsumman ta jiƙa, ta goge teburin tun daga wannan gefe har wancan, ta bi lungu-lungu har inda allin ya maƙale a tsagar katako. Ta mayar da guntun allin cikin gwangwanin maɓallai. Ta je ta zauna a kan sabon keken.

Wata ya ƙare. Ba ta ce rajista ba, shi ma bai sake tayar da maganar ba.

Nacin nan kuwa bai mutu ba, wuri ya sauya. Ta farke, ta sake, ta farke, ta sake, har ta wuce uban. Ta yi aure a nan kusa, ta haihu, ba ta bar shagon ba. Mata suka riƙa layi a bencin ƙofa. Idanun Sau-Ɗaya suka fara rauni, ya bar mata yanka da keke, ya koma kan benci yana sa maɓalli da kalmasa bakin zane. In mutane sun yaba aikinta sai ya ce, "Ai tun tana ƙarama na ce hannu gare ta." Ita kuma ta yi murmushi. Mace ce mai fara'a, ba za ka ce akwai abin da ke damun ta ba. Abu ɗaya ne: in aka kawo ɗinkin fararen kayan asibiti, takan ce aiki ya yi mata yawa, a kai shagon gaba.

Sai ranar da ta kasa cewa haka, domin wadda ta kawo kayan ƙawarta ce, 'yar mai kanti, wadda ta daɗe da barin layin, ta zama ma'aikaciyar jinya. Ta shigo da hayaniyarta, ta rungume 'Yar Tela, ta durƙusa ta gaida tsoho, ta zaro farar riga daga jaka ta ce a rage mata tsawo, an yi mata ƙarin girma a asibiti. Ta sa rigar ta tsaya gaban madubi mai tsaga. 'Yar Tela ta durƙusa a gabanta da allurai a baki tana kama bakin rigar.

Ƙawar ta dafa teburin ta ce, "Kai, teburin nan yana nan! Ke kin san nan na koyi lissafi? Ni fa sai da na sake jarrabawar nan, na faɗi, na kuma sakewa. Har mai gadin wurin ya san ni, in ya hango ni sai ya ce, 'Hajiya an dawo?' Wallahi da hanyar da kika koya min na ƙarasa fita."

'Yar Tela ta cire allura ɗaya daga baki ta soke. Ta ce, "Kai ne Allah ya ba ki."

"Wane kai? Ni da nake kwafa a wurinki? Naci dai, 'yar'uwa. Naci kawai."

"Juya in ga baya," in ji 'Yar Tela.

A kan benci, tsoho ya daɗe yana neman ramin maɓalli da allura bai samu ba.

Da yammar nan, bayan 'yarsa ta tafi ɗauko yara, ya zaga wurin Mai Guga ya zauna a kan ƙullin wanki. Mai Guga ya buɗe baki zai fara tsokana, ya ga fuskarsa, ya rufe. A nan Sau-Ɗaya ya faɗi abin da bai taɓa gaya wa kowa ba: ginshiƙi, da allo, da gyaɗa kai, da ciwon kan ƙarya. Daga bakin Mai Guga ni ma na ji, bayan ya sa na yi alkawarin ba zan kama suna ba.

Mai Guga ya ce, "To don me ka hana yarinyar? Kai ka ga wuya ka gudu, ita ta ga wuya ta tsaya, sai ka ce ita ce marar kai?"

"Na ɗauka gaskiya nake gaya mata. Wallahi na ɗauka." Ya zuba wa garwashin dutsen guga ido. "Amma akwai wani abu a ƙasa. Da ta sake ta ci, to ni me ya kore ni? Shafi guda? Ka ga da sai in ce rayuwata duka shafi guda ne ya cinye ta. Ban iya ɗaukar wannan ba. Sai na ɗora mata."

"Ka gaya mata."

"Da wane baki? In ce Mamana, ƙarya na yi miki, kin yi ta ɗinka wa mutane kaya a banza?"

"Ba a banza ba. Amma ka gaya mata."

Ya ce zai duba lokacin da ya dace. Ka san irin wannan lokacin, ba ya zuwa da kansa.

Yanzu saura in gaya maka abin da na gani da idona kwanan nan, da na kai gyaran aljihu. 'Yar Tela tana da 'ya, 'yar firamare, mai ido ƙyar-ƙyar da baki kamar tsuntsuwa. Yarinyar akwai saurin ɗauka. Ina zaune a benci kusa da tsohon, sai ga ta ta shigo da jakar makaranta. Uwar ta tsayar da keke, fuskarta ta haskaka irin hasken da ban taɓa gani a kanta ba, ta ce wa matan da ke jira, "Ga ta nan. Wannan ba irina ba ce, kakanta ta biyo. Sau ɗaya ake faɗa mata. Ku gwada ta ku ji."

Wata ta faɗi lambar waya, yarinya ta mayar tsaf, aka yi tafi.

Da hayaniya ta lafa yarinyar ta hau kan buhun ƙyallaye ta buɗe littafin aikin gida. Ina kallon ta, tsohon ma yana kallo da ɗan ganin da ya rage masa. Ta bi shafin da yatsa, ta tsaya. Ta ɗaure fuska. Yatsan ya fara komawa sama, sai ta ɗago ta saci kallon uwarta da matan nan, ta janye hannun da sauri.

Uwar ta ce, "Kin gane ko, 'yar albarka?"

"Na gane, Umma."

Ta rufe littafin, ta tura shi can ƙarƙashin ƙyallaye.

Na ji numfashin tsohon ya canza. Ya laluba gwangwanin maɓallai da ke gefensa, ya zaro guntun alli, ya riƙe a hannu. Ya ce, "Ke, 'yar gidana, zo nan."

Ta taho da tsalle. "Kaka, me zan samu?"

Jin muryarsa ya sa 'Yar Tela ta ɗauke ƙafa daga keken ta juyo. Ta cikin bango ma gugar ta tsaya. Ya dubi jikarsa, ya dubi teburin nan baƙi mai santsi, sannan ya dubi 'yarsa, wadda ke jiran ta ji abin da Baba zai ce da irin yardar nan da take yi masa tun tana ƙarama. Ba yadda za a yi ya ce wa ƙaramar, "Ɗauko littafin nan mu sake dubawa, ni ma an taɓa faɗa min ban gane ba," ba tare da babbar ta ji ba.

Bakinsa ya motsa. Sai ya miƙa wa yarinyar allura ya ce, "Zura min zare, idona ba ya gani."

Ta zura a take, ta ce, "Sau ɗaya!" Aka yi dariya, keke ya ci gaba da ƙara. Na karɓi wandona na fito. Allin na nan cikin tafin hannunsa, ya damƙe shi har ya fara marmashewa, littafin kuma na ƙarƙashin ƙyallaye.

Gobe ma yarinyar za ta dawo daga makaranta ta hau buhun nan, uwarta na kan keke, shi yana kan benci. To kai da ka zauna ka saurara har ƙarshe, in kai ne riƙe da allin nan, za ka iya buɗe baki a gaban 'yarka?